Abin da ake nema a addu'ar Rosari

Tambayar da 'yan'uwanmu Kirista na wasu ɗariku suka fi yi mana a nan Jos game da Rosari, addu'ar da mu 'yan Katolika muke yi da carbi, ita ce, me ya sa mutum zai maimaita addu'a guda har sau hamsin, alhali Yesu da kansa ya yi gargaɗi a Matiyu 6:7 cewa kada mu yi ta maimaita magana kamar al'ummai, waɗanda suke tsammanin yawan surutu ne zai sa a saurare su. Tambaya ce mai nauyi, kuma bai kamata ɗan Katolika ya amsa ta da fushi ba, domin yadda wasunmu suke jan carbin da gaggawa, ana haɗiye kalmomi, kowa yana neman ya riga ɗan'uwansa kai wa Amin, ya isa ya ba mai tambayar hujja.

Carbin da muke riƙewa yana da ƙwayoyi 59 da gicciye a ƙarshensa. Ana farawa da alamar gicciye da shaidar bangaskiya ta Manzanni, sai Ubanmu, sai A Gaishe Ki Maryamu sau uku domin roƙon bangaskiya da bege da ƙauna, kafin a shiga rukuni biyar masu ƙwaya goma-goma, kowane rukuni yana buɗewa da Ubanmu yana rufewa da Ɗaukaka ga Uba. Rabin farko na addu'ar da ake maimaitawa daga Linjila aka ɗauko shi: gaisuwar Mala'ika Jibra'ilu ce a Luka 1:28, aka haɗa ta da maganar Alisabatu a Luka 1:42. Rabi na biyu kuwa roƙo ne na Ekkilisiya, inda muke kiran Maryamu Uwar Allah, sunan da babban taron shugabannin Ekkilisiya na Afisa ya tabbatar a shekarar 431 domin kare gaskiyar cewa Ɗan da ta haifa Allah ne kuma mutum ne. A tsakiyar rabi biyun nan sunan Yesu ne yake zaune, kuma a kansa addu'ar take juyawa.

Sai dai ƙwayoyin da kalmomin ba su ne zuciyar al'amarin ba. Kafin kowane rukuni ana ambaton wani asiri, wato wani abu da ya faru a rayuwar Yesu da mahaifiyarsa, kuma tsawon lokacin da baki yake faɗin gaisuwar sau goma shi ne lokacin da aka ba zuciya ta tsaya ta dubi abin nan. Yatsu suna riƙe lissafi domin kada hankali ya tafi wurin lissafi, baki yana da abin faɗi domin kada ya shiga wata hira, ita kuwa zuciya ta sami sarari. Kamar mace ce mai daka da ta saba, wadda hannunta yake aiki da taɓarya ba tare da ta ƙirga bugu ba, tunaninta kuma yana kan abin da ya dame ta. A wasiƙar da ya rubuta a 1974 game da girmama Maryamu, Fafaroma Paul na Shida ya ce Rosarin da ba shi da wannan zurfin tunani gangar jiki ce ba rai, kuma shi da kansa ya kawo ayar nan ta Matiyu a matsayin gargaɗi gare mu.

Asiran suna da ranakunsu. Litinin da Asabar na Farin Ciki ne, daga albishirin mala'ika zuwa samun Yesu a Haikali. Laraba da Lahadi na Ɗaukaka, daga tashi daga matattu zuwa naɗa Maryamu sarauniya. Alhamis kuma na Haske, waɗanda Fafaroma John Paul na Biyu ya ƙara a watan Oktoba na 2002, domin kafin lokacin ana tsallake shekarun wa'azin Yesu gaba ɗaya, daga baftismarsa a Kogin Urdun har zuwa Jibin Ƙarshe. Ni dai na Talata da Jumma'a, asiran Baƙin Ciki, su ne suka fi nuna mini manufar addu'ar. Mutum ya ambaci wahalar Yesu a lambun Getsamani, ya fara gaisuwar, kafin ya kai ƙwaya ta huɗu ya tarar yana tunanin almajiran da barci ya kwashe, da Yesu yana komawa ya sake yin addu'a da kalmomin da ya riga ya faɗa, har sau uku kamar yadda Matiyu 26:44 ya nuna. Wanda yake da mara lafiya a asibiti, ko wanda ake bi bashi, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kafin ya gane roƙon da Yesu ya yi a ɗauke masa ƙoƙon wahalar nan, da kuma miƙa wuyan da ya biyo baya. Maryamu a nan abokiyar kallo ce, ita da Luka 2:19 ya ce tana riƙe da al'amuran nan duka tana bimbini a kansu a zuciyarta.

Tarihin addu'ar ma yana nuna cewa ta talakawa ce tun asali. Masu zaman zuhudu a Turai sukan rera Zabura 150, amma manomi ko maƙeri da bai iya karatu ba sai ya maye gurbinsu da Ubanmu sau 150, yana ƙirgawa da tsakuwa ko igiya mai ƙulli, daga baya kuma gaisuwar Maryamu ta shigo wannan gurbi. Al'adar Ekkilisiya tana danganta Rosari da Waliyyi Dominic, kuma mabiyansa ne suka fi yaɗa shi, har Fafaroma Pius na Biyar, wanda shi ma daga cikinsu ya fito, ya tabbatar da tsarin asirai goma sha biyar a 1569. Fafaroma Leo na Goma Sha Uku ne ya keɓe watan Oktoba domin Rosari a 1883.

Wannan gado yana nan a unguwanninmu. Da yamma a watan Oktoba, idan sanyin Jos ya fara sauka, za ka ga ƙaramin tebur a tsakar gida an shimfiɗa masa farin ƙyalle, an ɗora siffar Maryamu da kyandir biyu, yara sun durƙusa a kan tabarma da rigunan sanyi, wata yarinya da ba ta gama firamare ba tana ja, sauran suna amsawa. A gefe wata kaka daga Zumuntar Mata tana zaune a kujera 'yar tsugunno saboda gwiwa, carbinta na katako ya yi sulɓi don yawan shafa, an ɗaure inda ya tsinke da baƙin zare. Ba ta iya karanta Littafi Mai Tsarki ba, amma ka tambaye ta abin da ya faru a bikin Kana, za ta ba ka labarin har da maganar da Maryamu ta yi wa masu hidima, cewa duk abin da ya faɗa musu su yi. Bayan kowane rukuni sukan ƙara gajeren roƙon gafara da ya samo asali daga Fatima ta ƙasar Fotugal, inda yara uku makiyaya suka ba da shaidar ganin Maryamu a 1917, kuma sunan wurin ne babbar majami'armu ta Jos take ɗauke da shi.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne mai da carbi laya. Akwai masu rataya shi a madubin mota ko a wuya, su ɗauka ya zama maganin hatsari da harsashi, alhali shekara za ta zagayo ba su ja shi ba. Albarkar da Fada yake sa wa carbi tana keɓe shi ne domin addu'a, ba ta zuba masa wani sihiri. Haka nan Rosari ba ya maye gurbin Misa, kuma ba sujada ba ce ga Maryamu. Sujada ta Allah ce shi kaɗai, ita kuwa roƙonta muke yi ta yi addu'a dominmu, yanzu da lokacin mutuwarmu.

Bikin Rosari na ranar 7 ga Oktoba ya samo asali ne daga yaƙin teku na Lepanto a 1571, tsakanin rundunar ƙasashen Kirista da ta Daular Usmaniyya, kuma wasu masu wa'azi suna son ba da labarin da zafi. A gari irin namu, inda maƙwabcinka Musulmi yake jan tasbaharsa a ƙofar shago kai kana jan naka carbin, kuma inda rikicin Satumba na 2001 da waɗanda suka biyo bayansa suka raba unguwanni, ina ganin a yi hattara da irin wannan wa'azi. Wasiƙar da John Paul na Biyu ya rubuta game da Rosari a 2002, wadda ta fito shekara guda bayan harin 11 ga Satumba a Amurka, bukatu biyu ta ɗora wa Rosari musamman, wato zaman lafiyar duniya da zaman iyali. Shi ya sa a gidaje da yawa, kafin a fara rukuni, mai ja yakan ambaci niyya da suna: wannan domin ƙauyukan Filato da aka kai wa hari, wannan domin waɗanda aka sace, wannan kuma domin waɗanda suka yi satar.