Majalisar Manya ba ta Jin Hayaniyar Kasuwa

Aikin gidan rediyo yana kai mutum wurare biyu da ba sa haɗuwa. Yau kana babban otal a Abuja ana taron ƙara wa juna sani, ga sanyi ga shayi. Gobe kana kasuwar ƙauye da rakoda a hannu kana lallashin wanda zai yarda ya yi magana. Kai-komon da na yi tsakanin wuraren nan ya koya mini abin da ba a koya mana a aji ba: yawancin masu yanke wa talaka hukunci ba mugunta ce kaɗai ke jan su ba. Ba su san shi ba ne, kuma rashin sanin ya samo asali daga mutanen da suke zama da su.

Dubi yadda makon babban mutum ke tafiya. Daga gida sai mota mai baƙin gilashi, sai ofishin da kafin ka gan shi sai ka wuce masinja da sakatare da ɗan sanda. Juma'a yana sahun gaba. Asabar ɗaurin aure, ɗan wane ya auri 'yar wane. Lahadi ta'aziyya a gidan wani tsohon minista. Fuskokin dai su ne, 'ya'yansu ma makaranta ɗaya suke. Talakawan da yake gani kullum su ne direba da mai gadi da kuku da masu zuwa neman taimako, wato mutanen da abincinsu ya rataya a kan fara'arsa. Wa zai buɗe baki a cikinsu ya ce masa ya yi kuskure? Sai dai "Ranka ya daɗe, ai jama'a suna ta sa albarka."

Abin ba yau ya fara ba. Kwalejin da Turawa suka kafa a Katsina a 1921, wadda ta koma Kaduna, daga baya Zariya, aka sa mata suna Barewa, ɗalibai kaɗan ake zaɓo mata daga larduna. A nan Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Balewa suka yi karatu a zamani ɗaya. Yakubu Gowon, Murtala Muhammed, Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa duk sun bi ta cikinta. Makaranta guda, shugabannin ƙasa biyar. Ba na faɗar haka don aibata su, an samu masu amana a cikinsu. Har Malam Aminu Kano, jagoran talakawa, can ya yi karatu. Abin da ya bambanta shi, a ganina, shi ne ya fita daga ɗakin ya je ya zauna da teloli da mahauta da 'yan tireda, har jam'iyyar NEPU ta zama tasu. Irin wannan fitar ce ta yi ƙaranci yanzu.

Ban taɓa ganin illar wannan rata ƙuru-ƙuru ba kamar lokacin canjin kuɗi. A Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1000, aka sa 31 ga Janairun 2023 a matsayin wa'adi, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. A wajen masu jawabi a Abuja maganar mai sauƙi ce: kowa ya kai kuɗinsa banki, a koma tura kuɗi ta waya. Duk wanda suka sani yana da asusu uku da babbar waya, to ina matsalar?

A wata kasuwar mako na tsaya kusa da wani dattijo da ya jawo akuyarsa tun asuba. An yi ciniki, an sallama. Mai saye ya ce sai dai taransifa. Dattijon ba shi da asusu, wayarsa ma 'yar ƙarama ce da aka ɗaure da roba. Aka nemo wani yaro mai asusu, aka tura, aka zauna jiran alat har rana ta take. Sabis babu. Yaron yana ɗaga waya sama yana zagayawa, dattijon yana riƙe da igiya bai saki ba, mai saye yana rantsuwa an cire masa kuɗi. Da na miƙa masa rakoda, cewa ya yi, "Ɗana, maganin matata zan saya, ni ba siyasa na zo yi ba." Garinsu babu banki, sai an shiga mota an biya kuɗin da ba a da shi a hannu. Masu POS kuwa, in ka samu mai tsabar kuɗi, sai ya yanki abin da ya ga dama.

Wadda ta fi shan wuya ba ta ma zo kasuwar ba. Matar da ke cikin gida tana soya ƙosai ko ƙulla daddawa, tana zubin adashi, dukiyarta duka tana ƙarƙashin katifa ko cikin kwalla. Ba ta da wakili a ɗakin da aka tsara manufar, domin babu wanda ke cikin ɗakin da yake da irinta a gidansa. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo, amma ba a tambayi mai ɗaki ba.

Mu ma 'yan jarida muna da tamu majalisar, kuma wannan yana damuna ƙwarai. In labari ya taso, lambobin da ke cikin wayarmu su ne dai na jiya: dakta wane, barista wane, shugaban ƙungiya kaza, mutanen da suka iya tsara magana cikin minti biyu. Sai mu leƙa Facebook mu ga abin da 'yan boko ke musu a kai, mu ce ra'ayin jama'a ke nan. Sarkin pawa da sarkin kasuwa da uwar adashi da shugaban 'yan tasha, waɗanda ke riƙe da ragamar cinikin gari na gaskiya, sai an yi gobara ko rikici muke tunawa da su. Tun daga lokacin nan na fara tara lambobinsu a littafi dabam, kuma ba na rufe shiri kan tattalin arziki ban ji ta bakin ɗaya daga cikinsu ba. Sau da yawa sukan hango tsadar hatsi tun kafin masu alƙaluma su lissafa ta.

Yadda maganar canjin kuɗin ta ƙare shi ne ya fi tsaya mini a rai. Makonni mutane suna kwana a layin banki, ana kuka a rediyo safe da yamma, ba abin da ya motsa. Sai da gwamnonin Kaduna da Kogi da Zamfara suka garzaya Kotun Ƙoli, ana dab da zaɓen 25 ga Fabrairu, sannan ƙofa ta buɗe. A ranar 3 ga Maris kotun ta ce tsofaffin takardun su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara. Hukuncin ya kawo sauƙi, na kuma yi murna da shi, amma waɗanda aka saurara 'yan cikin ɗakin ne, da suka ga wutar ta kusa kama rigarsu.