Lissafin maki a jami'a da ofisoshin da ya kamata ɗalibi ya sani tun da wuri

Kowane kwas a jami'a yana zuwa da wata lamba a gefensa: 2, 3, wani lokaci 4. Wannan lambar ita ce nauyin kwas ɗin, wato yunit ko kiredit. A tsarin da aka fi sani, yunit ɗaya yana nufin lacca ta awa ɗaya a kowane mako har tsawon zango mai mako 15, ko kimanin awa uku a ɗakin gwaje-gwaje. A Amurka ana ɗauka cewa kowace awa ɗaya ta aji tana bukatar awa biyu na karatun kai. A Turai kuwa shekara guda kiredit 60 ce, kowanne yana ɗaukar aikin awa 25 zuwa 30. Ke nan wanda ya yi rajistar yunit 18 ya ɗaura wa kansa aikin da zai iya haura awa 50 a mako, ko ya sani ko bai sani ba.

Ga yadda ake fitar da GPA, wato matsakaicin makin ɗalibi na zango guda, a ma'auni mai maki 5, inda A ke da 5, B 4, C 3, D 2, E 1, F kuma sifili. Ana ninka makin kowane kwas da yunit ɗinsa, a tara duka, a raba da jimillar yunit. A ce ɗalibi ya ɗauki kwas shida: A a mai yunit 3 (15), C a wani mai yunit 3 (9), B a biyu masu yunit 2 (8 da 8), D a mai yunit 2 (4), sai F a mai yunit 4. Jimilla 44 a kan yunit 16, wato 2.75. Da C kawai ya samu a wancan mai yunit 4 ɗin, da jimillar ta zama 56, GPA kuma 3.50. Kwas ɗaya tak ya sauke shi daga wani matakin digiri zuwa na ƙasa da shi. Don haka idan lokacin bita ya ƙure, a fara da kwas mai nauyi, ko da ba shi ne mai daɗin karantawa ba.

CGPA kuwa, wanda ke haɗa duk zangunan da aka yi, yana ƙara taurin kai duk shekara. Ɗalibin da ya gama shekarar farko da 2.00 a kan yunit 36, idan digirinsa na yunit 144 ne, sai ya riƙe 4.00 a duk sauran shekaru ukun kafin ya fita da 3.50. Da wuya, amma yana yiwuwa. Wanda ya kai ƙarshen shekara ta uku da 2.50 a kan yunit 108, ko da A ya ci a komai a shekarar ƙarshe, ba zai wuce 3.13 ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a ganina wannan lissafin ya fi duk wani jawabin maraba da ake yi wa sababbin ɗalibai amfani.

Ɓarna da yawa a wajen rajista take faruwa. Akwai wanda ke halartar kwas zango guda cur bai yi rajistarsa ba, ya zauna jarrabawa, sakamako ya ƙi fitowa. Akwai wanda ya yi rajista, ya daina zuwa, bai cire kwas ɗin ba a makonnin farko da ake ba da damar ƙari da ragi, sai F ta hau kansa. Wani kuma ya tsallake kwas ɗin da yake sharaɗi ne ga na gaba. Wanda ya faɗi kwas, galibi dole ya fara saka shi a rajistar shekara mai zuwa, kuma tunda akwai iyakar yunit da za a iya ɗauka a zango, sai tsohon ya ture sabo, sabon ya ture na gabansa, har a wayi gari an ƙara shekara. A jami'o'i da yawa F ɗin farko tana nan cikin lissafi ko bayan an sake kwas an ci. Maganin wannan duka mutum ɗaya ne: malamin da sashe ya naɗa ya riƙa ba ajinku shawara. Ka je masa da takardar rajistarka da sakamakonka na baya kafin ka tura, ya duba lambobin kwasa-kwasan ɗaya bayan ɗaya, ya sa hannu. Ka ajiye kwafi a takarda da kuma hoto a waya, don ranar da sakamako ya ɓace ita ce hujjarka a gaban jami'in jarrabawa.

Kwasa-kwasan bai-ɗaya da kowa ke yi, irin su dabarun rubutu, amfani da laburare da kwamfuta, ana raina su saboda ajin cike yake kuma ba na sashe ba ne. Yunit ɗinsu daidai yake da na kowane kwas a lissafi, kuma ba a yaye wanda bai ci su ba.

Laburare ya wuce wurin zama. Ma'aikatansa suna koyar da neman muƙaloli a rumbunan intanet irin su JSTOR idan jami'ar ta biya kuɗinsu, da yadda ake ambaton madogara. Wanda ya koyi wannan a shekarar farko ya tsira daga zargin satar rubutu a jinga da kundin kammalawa, musamman yanzu da ake tace rubutu da manhajoji irin su Turnitin. Inda akwai cibiyar taimakon rubutu ko ta lissafi, a je da daftari kwanaki kafin ranar miƙawa. Za su nuna maka inda hujjarka ta yi rauni, gyaran kuma kai za ka yi.

Sai batun rashin lafiya da damuwa, wanda ya fi ba ni tausayi. Ɗalibi ya kwanta ciwo ko ya yi rashi, ya ɓace mako shida bai sanar da kowa ba, ya dawo ya tarar bai cika adadin halartar aji da ake bukata ba, wanda a wurare da dama kashi 75 cikin 100 ne. Alhali akwai hanyar jingine zango a hukumance: takarda zuwa ga shugaban sashe, haɗe da shaidar asibitin jami'a ko wadda asibitin ya tabbatar, a miƙa kafin jarrabawa. Idan an amince, zangon ba ya shiga lissafin maki. Ofishin ba da shawara kan damuwa yana riƙe sirri, sai fa idan rai na cikin haɗari. Ɗalibi mai bukata ta musamman, kamar makaho ko kurma, yana iya neman ƙarin lokaci a jarrabawa, mai karanta masa tambayoyi ko takarda mai manyan baƙaƙe, amma ana neman wannan ne a farkon zango tare da takardar likita, domin ofishin jarrabawa yana bukatar makonni kafin ya tanadi ɗaki da mai sa ido.