Neman wasan kwamfuta mai sauƙin kuɗi don abokin da ke nesa

Duk wanda ke zaune a Jos yana neman wasan kwamfuta da zai riƙa bugawa da amininsa da ya yi nisa, ya kamata ya san cewa farashin da aka rubuta a shafin sayarwa shi ne mafi ƙanƙantar abin da zai biya. Akwai kuɗin data, akwai halin wutar lantarki, akwai kuma ƙarfin kwamfutar da ke hannunsa. Na shiga wannan bincike ne saboda abokina da muka tashi tare a Unguwar Rogo, wanda karatu ya kai shi Malesiya. Na lura hirarmu ta WhatsApp ta fara taƙaita ga tambayar lafiyar gida da ta karatu, alhali a da muna iya kwashe yamma guda a shagon wasa muna fafatawa a ƙwallon PlayStation, hira kuma tana zuwa da kanta.

Shawarar da kowa ke fara bayarwa ita ce a nemi wasannin kyauta, kuma suna da yawa. Dota 2 da Counter-Strike 2 kyauta ne a Steam, dandalin sayar da wasannin kwamfuta, haka Fortnite yake a wurin kamfanin Epic, Rocket League ma ya koma kyauta tun 2020. Sai dai Counter-Strike 2 kaɗai yana neman filin gigabait 85 a kwamfuta, kuma irin waɗannan wasanni ba sa daɗewa ba su turo sabuntawa mai nauyi ba, wadda dole a sauke ta kafin a shiga fili. Tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan lissafi ya ƙara tsanani ga mai sayen data daga aljihunsa. Ga shi kuma yawancin kwamfutocin da muke saya irin na ofis ne da aka riga aka yi amfani da su, ba a ƙera su don ɗaukar zane mai nauyi ba.

Matsalar da ta fi wannan girma ita ce jinkirin saƙo, wato lokacin da umarninka ke ɗauka kafin ya isa sabar wasan, babbar kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa, ya dawo. Yawancin wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a Legas suke sauka, manyan sabobin wasanni mafi kusa da mu kuma suna Turai ko Afirka ta Kudu, shi kuwa abokina yana gabashin duniya. Duk inda muka zaɓa, ɗayanmu zai riƙa ganin abin da ya riga ya wuce, kuma a wasan harbi ko na ƙwallo ɗan jinkirin da bai kai rabin daƙiƙa ba ya isa ya lalata komai. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar fafatawa, Dota 2 na iya hukunta ka a matsayin wanda ya gudu ya bar abokan wasa, domin na'ura ba ta san uzurinka ba.

Saboda haka ra'ayina ya tsaya a kan wasannin da ba sa buƙatar saurin hannu, waɗanda kowa ke jiran lokacinsa kamar yadda ake yi a dara. Lichess, wanda aka kafa a 2010, shafin ches ne na kyauta da babu talla a cikinsa, yana buɗewa a kowace kwamfuta ko waya, kuma datar da yake ci ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ya fi burge ni shi ne yana ba da damar wasan da mutum zai yi motsi ɗaya ya tafi harkokinsa, abokinsa ya mayar da martani bayan sa'o'i ko washegari. Ga mutanen da ke da tazarar awa 7 a tsakaninsu, wannan tsari ya fi duk wata rahusa amfani. Board Game Arena ma yana da wasannin allo da na kati masu yawa a kan irin wannan tsari, akasarinsu ba sai an biya ba.

Idan ana son abin da ya wuce allo, akwai ƙananan wasannin da suka cancanci a biya. Terraria, wanda ya fito a 2011, dala 10 ne, Stardew Valley na 2016 kuma dala 15, kowannensu bai kai gigabait ɗaya ba, kuma tsohuwar kwamfuta tana ɗaukar su. A cikinsu haɗa hannu ake yi wajen gini ko noma ko haƙar ma'adini, don haka ɗan jinkiri ba ya ɓata rai, hira kuma tana samun wuri. Na san dala 15 ba ƙaramin kuɗi ba ne tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023, shi ya sa haƙuri ke da riba a nan: Steam yana yin babbar rahusa a ƙarshen watan Yuni da ƙarshen Disamba, kuma idan ka saka wasa a jerin abubuwan da kake so, zai aiko maka da saƙo ranar da farashinsa ya sauka. Yana kuma mayar da kuɗi idan ba a wuce kwana 14 da saye ba kuma ba a buga wasan awa 2 ba, wanda ya isa ku gwada ko haɗin zai yi aiki a tsakaninku.

Akwai wasannin da mutum ɗaya ke saya su isa biyu. It Takes Two na 2021 yana ba mai shi damar gayyatar aboki kyauta, sai dai nauyinsa ya kai gigabait 50. Epic kuma yana raba wasa kyauta kowace Alhamis, wanda ya karɓa a cikin makon ya zama nasa.

Abu biyu nake guje wa. Na farko shi ne kwafin sata da ake tura wa mutane a filasha, domin galibi ba ya shiga wasan intanet, kuma sau da yawa yana ɗauke da ƙwayar cutar kwamfuta. Na biyu shi ne akwatunan sa'a da wasu wasannin kyauta ke sayarwa, inda za ka biya kuɗi ba ka san abin da zai fito ba. A ganina wannan ya yi kusa da caca ƙwarai, kuma ba na son zumuncinmu ya ratsa ta wurin.

Yanzu mun tsayar da ranar Asabar bayan sallar azahar, lokacin da ƙarfe 2 na rana a Jos ta yi daidai da ƙarfe 9 na dare a Kuala Lumpur. Ina cajin kwamfuta tun da safe, mu buɗe kiran murya a waya, mu shiga gonarmu ta Stardew Valley, sauran kwanakin mako kuma ches ke tafiya a hankali a Lichess.