Kafin ka saurari dillali, ciro durowa

A Haraj Sawarikh, kasuwar tsofaffin kaya da ke kudancin Jidda, duk tsohon teburin rubutu da dillali ya nuna maka "na zamanin Turkawa ne". Turkawa sun bar Jidda a 1916, ke nan yana nufin teburin ya haura shekara ɗari. Ni da nake gyaran tsofaffin kayan katako ba na musu da shi, neman abinci yake. Cewa nake ya bari in ciro durowa ɗaya.

Teburin da nake nufi shi ne mai murfi a karkace, wanda ake saukewa ya kwanta kan sanduna biyu a yi rubutu a kai, ciki da 'yan ramukan ajiye wasiƙu, ƙasa kuma durowoyi. Fuskarsa ba ta faɗin gaskiya, don ita ake gogewa a shafa wa mai. Gefen durowa da bayan tebur, inda kafinta bai yi zaton wani zai leƙa ba, nan shekarun suke.

Dubi haƙoran da suka haɗa gaban durowar da gefenta. In da hannu aka yanka su, ba za su zo daidai ba, wani siriri wani mai kauri, kuma sau da yawa za ka ga siririn layin da kafinta ya zana kafin ya sa zarto. In sun jeru reras kamar haƙoran mataji, aikin inji ne, wanda ya yaɗu a ƙarshen ƙarni na 19. Sai ka shafa bayan teburin. Sawun zarto mai lanƙwasa na zarton inji ne mai juyawa, da wuya ka gan shi a kayan da suka girmi shekarun 1830. Ƙusa mai murɗi kuwa, wadda bakinta ya dakushe kuma tsagar kanta ta kauce daga tsakiya, tsohuwa ce, domin masu tsini na inji sai wajen 1846 suka fito. Mai tsagar gicciye ta shekarun 1930 ce zuwa sama, ko dai teburin sabo ne ko wani ya taɓa gyara shi.

Makulli ma yana magana. Na Ingila masu tambarin kambi da haruffan VR an yi su ne a zamanin Sarauniya Victoria, 1837 zuwa 1901. Amma ana cire tsohon makulli a dasa wa sabon tebur, shi ya sa shaida ɗaya ba ta isa ba.

Wata dattijuwa a unguwarmu ta aiko jikanta ya kira ni in duba teburin da mijinta ya bari. Ta ce, "Ɗana, an ce mini na Sarkin Makka ne." Na ce, "Hajiya, bari mu tambayi katakon." Saj ne, irin katakon da jiragen ruwa suka daɗe suna kawowa Jidda daga Indiya, mai nauyi, mai ɗan maiƙo a hannu. Haƙoran na inji, ƙusoshin masu tsini, bayan kuma katako ne zalla, ba falle-fallen da ake mannawa ba. A cikin durowa na ga ramuka biyu da aka toshe, alamar an sauya mariƙan tagullar. Na ce mata a kiyasina tsakanin 1890 da 1930 aka yi shi. Ba ta ji daɗi ba, amma tebur ne na kirki.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne sababbin da ake tsufarwa da gangan, a dake su da sarƙa, a huda su da ƙusa don a ce ƙwaro ya ci. Ramin ƙwaro karkacewa yake a cikin katako, na ƙusa kuwa miƙe yake, ka zura allura ta shige sumul. Tsufan gaskiya yana inda hannu ke taɓawa: bakin murfi, gefen mariƙi, ƙasan durowa da ya siɗe saboda ja da turawa.

Maganar kuɗi kuma, mutane suna ganin farashi a intanet su ɗauka sun tsinci dami a kala. Wannan abin da mai sayarwa ya nema ne, ka nemi abin da aka biya a gwanjo. A Ingila kanta darajar irin waɗannan kaya ta faɗi sosai tun farkon shekarun 2000, don gidajen yanzu ƙanana ne, matasa kuma ba sa so. A nan Jidda masu ƙawata shagunan gahawa da tsofaffin gidaje a Balad, tsohuwar unguwar Jidda wadda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2014, su na fi gani suna nema, kuma sun fi son wanda ba a taɓa ba. Jikan Hajiya ya riga ya sayo gwangwanin fenti zai "gyara" shi kafin a kai Haraj. Na hana shi, na ce ya goge ƙura da busasshen tsumma, ya shafa ɗan kakin zuma, ya kuma nesanta shi da bakin na'urar sanyaya ɗaki, don busasshiyar iskarta tana tsaga katako.