Ku Koyi Karatun Hayaƙi Kafin Ku Nemi Bakin Mesa

Ƙannena da kuka sa kakin kwana-kwana kwanan nan, ko a Gusau kuke ko Ƙaura Namoda ko Talatar Mafara, na san abin da ranku yake so. Kowa burinsa a miƙa masa bakin mesa ya tsaya a gaba, jama'a na kallo. Da wannan zuciyar na shigo aikin nan. Ranar atisaye kuwa gani nake ɓata lokaci ne: a ɗaura maka tukunyar iskar shaƙa a baya, a rufe maka ido, a ce ka yi rarrafe ka nemo ƙofa. Ina yi ne kawai don kada oga ya yi faɗa. Wannan raini ya jawo mini abin da ba na fatan ya sami ɗayanku.

Wutar fili daban, wutar rufaffen ɗaki daban. Abu uku ke rayar da wuta: abin da za ta ci, zafi, da iskar oksijin, wadda ita ce kusan kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. In ɗaki a rufe yake, wutar kan cinye iskar ta lafa, har mai kallo daga waje ya zaci ta mutu. Amma zafin na nan, kayan ɗakin na ta fitar da hayaƙi, hayaƙin kuwa shi kansa makamashi ne da bai gama ƙonewa ba. Iska kaɗai yake jira.

An koya mana wannan a aji, na rubuta a takarda, bai shiga jikina ba. Wani dare cikin hunturu aka kira mu wani shagon katifun soso mai ƙofar ƙarfe. Mai shagon na kuka, jama'a na ta ihu a ɓalle ƙofa. Hayaƙi mai kauri, ruwan ƙasa-ƙasa, yana fitowa ta ƙasan ƙofar yana komawa ciki kamar mai numfashi. Fentin ƙofar ya kumbura. Duk na gani da idona. Na sa ƙarfe na ɓalle kwaɗon, na wangale ƙofar, alhali ruwa bai ma cika mesar ba. Iska na shiga, 'yan daƙiƙu kaɗan, wuta ta yi tsalle waje da ƙara. Ni na faɗi gefe. Abokin aikina da ke tsaye bayana ya ƙone a wuya da kunne, tabon na jikinsa har yau. Bai taɓa yi mini gori ba, amma duk ranar da muka gaisa sai idona ya kai wurin.

Abin da ya kamata in yi ba boyayye ba ne. Ka taɓa ƙofa da bayan hannu, daga ƙasa zuwa sama. Ka durƙusa a gefenta, ba a gabanta ba. Kada a buɗe sai mesa ta cika, mai riƙe da ita ya shirya. A buɗe kaɗan, a ɗan fesa ruwa sama cikin hayaƙin, a mayar a rufe, a sake. Ihun jama'a ba umarni ba ne. Umarni na shugaban tawaga ne.

Akwai kuma haɗarin da ke samun wanda ya riga ya shiga ciki. Hayaƙi kan taru a saman ɗaki yana ƙara zafi, in ya kai wajen digiri 600 a ma'aunin Salsiyas, sai komai na ɗakin ya kama a lokaci guda, kuma babu rigar da za ta tsare ka daga wannan. Yakan yi sallama kafin ya zo: hayaƙi ya dinga saukowa ƙasa da sauri, harsunan wuta su fara lasar cikinsa a sama, zafi ya ratsa kayanka har ya durƙusar da kai. In ka ga haka, ka sanyaya saman ka ja da baya. Gidajen yanzu ba ɗakin soro da tabarma ba ne. Kujerun soso, labulen leda, silin roba da ke narkewa yana ɗigo a kan mutum, duk sun rage mana lokaci.

Ruwan ma sai da lissafi. Lita ɗaya in ta zama tururi takan ninka kusan sau 1,700. Na taɓa sake wa ƙaramin ɗaki ruwa gaba ɗaya, tururin ya dawo mini ya dafa wuyan hannuna, kuma na daina ganin komai. Wutar fetur na jarka ko janareta kuwa ruwa yaɗa ta yake yi, kumfa ko hoda ake sa mata. Ku riƙa tambayar ko akwai sola a gidan, don ɗauke wutar layi ba ya kashe batir da faifan da ke kan kwano. Tukunyar gas da ke cikin wuta daga nesa ake sanyaya ta, mutum na fake da bango.

Sai maganar fita da rai, wadda ta fi damuna a kanku. Tukunyar iska ba ta ɗaukar lokacin da aka rubuta mata in kana aiki mai nauyi ko ka firgita. Mai haki kan zuƙe ta da wuri ƙwarai. Ku riƙa duba ma'aunin. Usur ɗin da take busawa in iskar ta kusa ƙarewa ba yana cewa ka fara tunanin fita ba ne, ya kamata ya same ka a bakin ƙofa. Wata rana a wani gida na ji kamar muryar yaro, na saki mesa, na bar abokina ban gaya masa ba. Taku kaɗan na rasa gabas da yamma. Zuciyata ta dinga cewa in tuɓe abin fuskar in miƙe in gudu. Da na yi, da hayaƙin soso da roba, mai ɗauke da gubar kabon monoksaid da sayanaid, ya kwantar da ni kafin wuta ta iso. Atisayen nan da na raina shi ya motsa hannuna: na kwanta ƙasa, na nemi bango, na bi shi da hannu ɗaya ban sake ba, har ƙafata ta taɓa mesa, na lallubi mahaɗarta na gane ɓangaren da ya nufi motarmu a waje.

A watan Fabrairun 2025 gobarar dare ta kashe almajirai 17 a wata makarantar allo a Ƙaura Namoda. Irin wannan kiran zai iya zuwa a kan aikinku, cikin duhu, iyaye da malamai na roƙonku ku shiga. A wannan lokacin abin da jiki ya saba da shi kaɗai yake fitowa. Don haka ku nemi horo da kanku. In an sami gurbin kwas a makarantar horar da 'yan kwana-kwana ta ƙasa da ke Sheda a Abuja, ku yi rububinsa. In ba a samu ba, ɗaki guda a tasharku ya isa a rufe tagoginsa a yi rarrafe bibbiyu da ido a ɗaure, a koyi sa tukunyar iska cikin duhu, a koyi jan abokin da ya faɗi. Atisaye da wuta ta gaske kam kada ku yi shi sai da ƙwararren mai horarwa da mesa biyu a cike. Ranar da kuka isa gobara tukwanen iska ba su wadata ba, ku gaya wa oga kai tsaye, a yaƙi wutar daga waje ta taga da ƙofa, a tsare gidajen maƙwabta.