Hanjin da ake raino a lab (ɗakin bincike) da burodin da muke ci kullum

Akwai wata cuta da ba kasafai ake jin sunanta a wajenmu ba, siliyak. Mai ita in ya ci alkama ko sha'ir sai garkuwar jikinshi ta juyo ta far ma hanjinshi. Abin da ke tada rigimar wani sinadari ne cikin alkamar mai suna gulutin, shi ne ma ke sa kwaɓin fulawa danƙo. A cikin ƙaramin hanji akwai wasu 'yan tsinke-tsinke masu laushi kamar gashin tawul, su ke tsotse amfanin abinci, to su ne ke lalacewa su kwanta, mutum na ci amma jiki bai samu ba. Zawo ba ƙarewa, kumburin ciki, ƙarancin jini, yaro ya ƙi girma. An ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 100 a duniya na da ita. Wani likitan yara a Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar alkama ce sila, bayan ya ga yaran da yake dubawa sun samu sauƙi lokacin yunwar 1944 zuwa 1945 da burodi ya ɓace, da burodi ya dawo ciwo ya dawo.

Har yau ba ƙwaya ba allura, magani ɗaya ne, barin alkama har abada. Kuma binciken nata da wuya, don ɓera bai kamuwa da ita yadda mutum ke yi, kuma ai ba za ka kama mara lafiya kana ɗura mai burodi kana zura mai kyamara ta baki kullum don ka ga mi ke faruwa ba.

Nan ne wanga aiki na rainon hanji ya shigo. Fatar cikin hanjinmu duk bayan kwana 4 ko 5 sabuwa take komawa, akwai wasu uwayen ƙwayoyin halitta can ƙasan ramukanta da ke ta haihuwa ba hutu. A 2009 Toshiro Sato da Hans Clevers a cibiyar Hubrecht ta birnin Utrecht suka ɗauko irin waɗannan uwayen daga hanjin ɓera suka sa cikin wani abu mai kauri, suka ba su sinadaran da suke buƙata, sai ga su sun hayayyafa sun shirya kansu da kansu sun zama ɗan mitsitsin hanji mai rami a tsakiya. Ikon Allah. Zuwa 2011 an yi da na mutum. Oganoyid suke ce mai.

Amma ga siliyak da sauran aiki, don hanjin lab ɗin fata ce kawai ba sojojin garkuwa a ciki, alhali su ne masu ɓarnar. A 2024 masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka, ƙarƙashin Calvin Kuo, suka raini ɗan naman da aka tsakuro daga hanjin masu ciwon ba tare da sun tace shi ba, suka bar shi da ƙwayoyin garkuwarshi, ƙasa ruwan abinci sama iska. Da suka zuba gulutin, na masu siliyak ya fara kashe kanshi a gaban idonsu, na masu lafiya ko gezau. Kuma suka gano wani ɗan aike na garkuwar jiki, IL-7, yana da hannu dumu-dumu, da suka toshe shi ɓarnar ta lafa. Ba wai magani ya fito kasuwa ba fa, kar wani ya fara tallar shi a WhatsApp, amma yanzu ana iya gwada magani kan hanjin mutum ba a taɓa mutumin ba, ni wannan ya fi burge ni.

To mi ya haɗa mu da shi a Kebbi? An daɗe ana cewa ciwon Turawa ne. Amma a wani bincike da aka wallafa a 1999, da aka gwada yaran Sahrawi, mutanen Yammacin Sahara, a sansanonin gudun hijira na Aljeriya, kashi 5.6 cikin 100 aka samu da ita, ninkin ba ninkin na Turai, su Sahrawin mutane ne da garin alkama ya zama cimarsu ta kullum. 'Yan Afirka ne fa. Mu ma duba kwanonmu yanzu, shayi da burodi da safe, taliya, indomi, tuwon semo, fanke, cincin, ga alkaki da funkaso na biki, har alkamar muna nomawa da rani a fadamunmu, ita da shinkafa aka ƙaddamar ma shirin bashin manoma na Babban Banki a Birnin Kebbi a 2015. Ba cewa nake alkama guba ce ba, mafi yawan mutane lafiya lau suke ci, sai wanda ya gado wasu ƙwayoyin gado, kuma ko cikin masu su kaɗan ne ke kamuwa. Abin da ke damuna shi ne yaron da ke zawo wata da watanni, a ce haƙori ne, a ce shawara ce, a ce tsutsar ciki, a yi ta jiƙe-jiƙe, ba wanda zai tambayi mi yake ci. Kuma likita ma da uzurinshi, don ruwa mara tsabta da tamowa su ma suna kwantar da tsinken hanjin nan kusan iri ɗaya.

Wanda ke zargi kar ya daina cin alkama kafin gwaji, in ya daina gwajin jinin na iya nuna ba komai. In an tabbatar, gero, dawa, masara, shinkafa, acca, rogo, wake, duk babu gulutin, fura da tuwon shinkafa sai wanda ya ƙoshi. Sai dai a tambayi mai ɗanwake da mai masa, da yawa yanzu suna ƙara fulawa a kwaɓi.