Kwana 21 Na Kaza Ne, Ba Na Zabo Ba

Har yau idan na bi ta bayan gidanmu, wajen da ake zubar da toka, sai na kawar da kaina. A nan na tsaya wata safiya a daminar bara na fasa ƙwan zabin kakata da hannuna, alhali akwai rai a ciki. Shekara guda ke nan, amma abin bai sake ni ba.

Shekaruna 18 yanzu. Ƙauyenmu yana tsakanin Gumel da Maigatari, ba mu da wutar lantarki, sai 'yan gidajen da suka sa sola. Wayar da nake riƙe da ita tsohuwar ta yayana ce, ya bar mini lokacin da zai tafi ci-rani, gilashinta a tsage daga sama har ƙasa. Caji a shagon mai sola, netiwok kuma sai ka je gindin darbejiyar da ke bakin firamare. Da na gama jarrabawar NECO, rayuwata ta koma gona da safe, islamiyya da yamma, bayan isha'i kuma mu taru a gindin darbejiyar nan da data ta dare. Abokaina ƙwallon Ingila suke bi da barkwancin TikTok. Ni ma ina kallo, amma abin da ya fi ɗauke mini hankali a YouTube shi ne mutanen da ke haɗa abubuwa da tarkace: fanka da kwali, famfon ruwa da tsohon ɗan injin rediyo, irin waɗannan.

A nan na ci karo da injin ƙyanƙyasa. Wani mutum, ina jin ɗan Indiya ne ko Pakistan, ya ɗauki akwati ya sa ƙwan fitila da 'yar fanka, ya jera ƙwai, bidiyo ya yi tsalle, sai ga 'yan tsaki suna fitowa. Ba na jin yarensa, amma lambobin da yake rubutawa a allo ina gane su: zafi 37.5, a riƙa juya ƙwai, a daina juyawa a kwana na 18, ƙyanƙyasa a kwana na 21. Na kalli irinsa ya fi 20, har da na Turanci daga Kenya da Amurka. Duk bakinsu ɗaya: 21. Lambar nan ta zauna a kaina kamar karatun allo.

Haɗa injin bai ba ni wahala ba, don haka ba zan daɗe a kai ba. Kuɗin ƙwadagon da na tara na noman gero da ciren ciyawa na ba wani direba da ke zuwa Kano, ya sayo mini 'yar na'urar daidaita zafi a kasuwar Sabon Gari, irin mai amfani da batir ɗin volt 12. Tsohuwar kular ƙanƙara na samu a Gumel, na huda ta, na sa ƙwan fitilar mota biyu da fankar kwamfuta da faranti na ruwa a ƙasa. Kawuna ya yarda in ja waya daga batirin solarsa. Da na kunna na ga lamba ta hau ta tsaya a 37.5, fitila ta mutu da kanta, ta sake kamawa da kanta, wallahi daren nan ban yi barci ba don murna.

Saura ƙwai. Kaji a gidanmu ba su da yawa a lokacin, amma damina ce, zabi na ta zuba ƙwai. Kakata, wadda muke kira Iya, tana da garken zabi da ta daɗe tana kiwo, kuma ta san duk inda suke ɓoye gurbinsu a cikin ciyawa. Ƙwan nan shi ne kuɗin cefanenta na damina: takan tara a ƙwarya, ranar Alhamis a kai mata kasuwar Maigatari. Na yi ta roƙonta kwana uku. Ta ce, "Maigidan, kai da ko tsako ba ka taɓa raino ba?" Na nuna mata bidiyo. Ta kalla ta daɗe, sannan ta miƙo mini wayar ta ce, "Wannan ai ƙwan kaza ne. Zabo fa ba kaza ba ne." Na ce, "Iya, ƙwai ƙwai ne, inji ba ruwansa." Ban tambaye ta me take nufi ba. Na ɗauka tana maganar gardamar zabi ne da yadda ba sa zama wuri ɗaya. Ta ƙirga mini 40, na satin nan duka, ta ce Allah ya sa albarka.

Wannan maganar tata ita ce take dawo mini kullum. Ta faɗa mini, da bakinta, tun ranar farko. Da na ce "kamar yaya, Iya?", da shi ke nan.

Na kula da ƙwan nan fiye da yadda na kula da kaina. Kowane na yi masa alama da gawayi gefe biyu, ina juyawa bayan asuba, bayan azahar, bayan isha'i. Da marka ta shigo a watan Agusta, rana ta yi kwana biyu ba ta fito ba, batir ya yi sanyi, sai na riƙa dafa ruwa ina zubawa a gora, in naɗe da tsumma in sa a cikin kular, in tashi cikin dare in canza. Innarmu har faɗa ta yi mini kan itacen da nake ƙonawa. Duk wannan na tsallake shi lafiya.

Kwana na 18 na daina juyawa, na ƙara ruwa a faranti don danshi ya ƙaru, kamar yadda bidiyo ya ce. Kwana na 21 na ƙi zuwa gona. Na zauna gaban kula tun safe, ina kara kunne. Shiru. Kafin nan kuwa na riga na cika gari da labari, don haka yara suna ta leƙowa, abokaina suna turo saƙo a WhatsApp suna tambaya ko 'yan tsakin sun fito. Kwana na 22, shiru. A gindin darbejiya wani ya ce ai ƙwan sun dahu tuni, a kawo gishiri da yaji. Aka yi dariya. Na koma gida raina a ɓace.

Daren kwana na 23 na ɗauki ƙwai ɗaya-ɗaya ina haskawa da fitilar waya a cikin duhun ɗaki. A bidiyo, ƙwan kaza fari ne, ɓawonsa ba kauri, haske na ratsawa ka ga jijiyoyi ja. Ƙwan zabo kuwa ɓawonsa kauri ne da shi ga ɗige-ɗige, da ƙyar haske ke shiga. Abin da na gani kawai duhu ne, ya cika ƙwan, sai ɗan fili a gefen mai faɗi. Na yanke hukunci cewa sun ruɓe. Yanzu na san wannan duhun shi ne ɗan zabon da kansa, ya girma ya cika ƙwan, filin kuma iskar da zai fara shaƙa ce kafin ya fasa. Wato alamar nasara na gani na karanta ta a matsayin asara. Na zare wayar daga batir, na bar murfin kula a buɗe, na kwanta. A daren aka yi ruwa, gari ya yi sanyi.

Da asuba, kafin mutanen gida su fito, na kwashi ƙwan a bokiti na zaga baya. Niyyata in zubar ba wanda ya gani. Na fasa na farko, baragurbi ne, wari ya tashi. Na biyu ma haka. Sai na ce to ai ga shi nan. Haushi ya ɗebe ni, na dumbuza da hannu biyu na watsa a jikin katanga, na sake dumbuza na watsa.

Sai na ga abu yana motsi a cikin toka.

Na tsuguna. Ɗan zabo ne cikakke, jiƙe sharkaf, a dunƙule, kansa a ƙarƙashin fiffike. Ana ganin zanen da ke kansa, layi-layi, irin na 'yan zabi. Ƙafafunsa da 'yan yatsu duk sun fito. A cikinsa akwai gwaiduwa a rataye, bai gama shanye ta ba, jini na bin ɓawon. Ya buɗe baki sau biyu ba sauti. Na duba, bakwai ne duka na watsa a jikin katangar, shida duk haka suke. Ban san lokacin da na fara kuka ba. Na ɗauki wanda ke motsin a tafin hannuna ina hura masa iska, kamar hakan zai mayar da shi cikin ƙwai.

Haka Iya ta same ni, ta fito da butarta. Ta dubi katanga, ta dubi bokiti. Ta ce, "Yau kwana nawa?" Na ce 24. Ta ce, "Innalillahi. Ɗan nan, zabo ai sai ya yi sati huɗu. Ko kaza ka sa wa ƙwan zabi, sai ta ƙara mako a kan kwancinta." Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta taɓa ƙwan da suka rage a bokiti da bayan hannunta, sun yi sanyi ƙalau. Ta ce, "Maza mayar da su, ka kunna abinka. Rai na Allah ne."

31 na mayar. A kwana na 28 da na 29 guda huɗu suka fito, a galabaice, ɗaya ƙafarsa a karkace. Sauran sun mutu a cikin ɓawo. Daren nan na sanyi ya gama da su. Cikin huɗun biyu suka rayu, su ma don Iya ta karɓe su ta haɗa su da wata kaza mai 'yan tsaki, ta hana su fita cikin raɓa da safe, don ɗan zabo ba ya jure jiƙa da sanyi. Daga 40, biyu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne da na koma gindin darbejiya a daren na rubuta tambayar kai tsaye, kwana nawa ƙwan zabo ke yi, amsar ta fito nan take: 26 zuwa 28. Har da na sauran: talotalo 28, agwagwar nan tamu ta gida kusan 35. Intanet ba ta yi mini ƙarya ba. Ni ne na yi ta kallon bidiyon kaza ina amfani da shi a kan zabo, kuma da yake YouTube irin abin da ka kalla shi yake ƙara turo maka, sai na yi ta ganin 21, 21, har na ɗauka duk duniya ta yarda da ni. Bidiyo 20 da ke maimaita abu ɗaya a kan kaza ba su gaya maka komai a kan zabo ba. Kuma kuskuren bai tsaya a ranar fasawa ba: daina juyawar da na yi a kwana na 18 ma ya yi wuri da kusan mako guda, don na zabo sai saura kwana uku a ƙyanƙyashe ake barin juyawa a ƙara danshi.

Duk wanda zai gwada wannan a ƙauye irin namu, ina roƙonsa, kafin ya sa ƙwai ya tabbatar da kwanakin irin tsuntsun da ke hannunsa, ba na wanda ke cikin bidiyo ba. Ya rubuta ranar da ya sa da ranar da yake sa rai a jikin bango. Idan ranar ta wuce, ya ƙara kwana uku ko huɗu injin na kunne, ba abin da zai rasa sai ɗan cajin batir. Kada ya kashe inji cikin fushi, kada ya yanke hukunci da dare bayan an yi masa dariya. Idan dole sai ya duba, ya fasa ɗaya tak, a hankali, ta gefen mai faɗi. Ni da ƙwai biyun farko suka zama baragurbi sai na ɗauka duk haka suke, alhali a cikin 40 dole a samu 'yan kaɗan marasa kyau. Kuma kada ya cika gari da labari kafin abu ya fito. Rabin gaggawar da na yi kunyar abokai ce ta jawo ta.

Da kaka ta yi, na yi aikin yankan riɗi a gonar wani, na kawo wa Iya kuɗin ƙwanta. Ta ƙi karɓa. Na ajiye mata a ƙarƙashin tabarma, washegari na tsince su a aljihun rigar makarantata ta islamiyya. Ban sake gwadawa ba.

Bana da zabi suka fara zuba ban yi niyyar tambayarta ba, kular ma na jefa ta a rumbu. Ita ce ta aiko ƙanwata da ƙwarya, ƙwai 25 a ciki, biyu daga cikinsu na zabuwar nan ce da ta rayu bara. Na sa su ranar Asabar, na rubuta a bango da gawayi. Kowace safiya Iya takan leƙo ɗakin da butarta ta ce, "Maigidan, yau nawa?" in faɗa mata, ta gyaɗa kai ta wuce. Jiya na haska uku da fitila, duhun ya fara cika su, ga ɗan filin iska a gefe. Yau kwana 21, na juya su bayan asuba na tafi gona.